Dutsen Saoda

Litinin, 9 ga Janairu, bayan la'asar

Na iso Nangamiro jikina duk ya yi tsami. Bas daga Bima zuwa Dompu, wata bas ɗin da ta fi ta farko tsufa, sannan ɗan acaɓa wanda bai yarda akwai rami a duniya ba. Ga tsibirin Satonda can ina kallonsa daga gaɓa, kusa ƙwarai, amma teku ta yi fari fat da kumfa, kwalekwale duk an ja su tudu.

'Yata Rosdiana ce ta cusa mini littafin nan a jaka. Ta ce, "Aji, ka riƙa rubuta abin da ka gani. Na san halinka, in Umi ta tambaye ka za ka ce lafiya lau, ka ja bakinka ka yi shiru." Tun da muka dawo daga Makka ni ne Aji, uwarta kuma Umi, har a bakin 'yar da muka haifa.

Abin da ya kawo ni: ranar Juma'a a asibiti, bayan likita ya fita, matata Saoda ta ce in matso. Ta ce tana da dutse a Satonda, in je in kwance mata. Kowa ya san abin da ake yi a bakin tafkin gishirin nan. Mutum ya ɗaura dutse da zare a reshen bishiya, ya roƙi abin da yake so, ranar da aka biya masa ya koma ya kwance. Ni tun ina saurayi nake cewa aikin jahilci ne, kuma a gabanta nake faɗa, tana zuba mini gahawa ba ta taɓa ɗaga kai ba. Ashe tana da nata, tun tana budurwa, gwaggonta ce ta kai ta. Farin dutsen teku mai huda, da zare ja da rawaya na masaƙarsu, a reshen ƙasa-ƙasa don ita gajera ce.

Ta ce, "An biya mini tun tuni. Ba na so in tafi in bar shi a rataye." Na ce ina za ki? Ta juya fuskarta wajen bango.

Talata, 10 ga Janairu, da hantsi

An haɗa ni da Ompu Heso, wai shi ya fi kowa sanin ruwan nan. Tsoho ne mai haƙori uku, yana zaune a inuwar kwalekwalensa yana naɗa taba.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Aji, ka iya iyo?"

Na ce a'a.

"To ni na iya, amma ban iya da Alhaji a gadon bayana ba. Sai iska ta kwanta."

Na ce yaushe ke nan? Ya nuna teku da haɓa, ya ce ga ta nan, in tambaye ta da kaina.

Matarsa Wa'i Lamu ta ba ni ɗakin ɗansu da ya tafi aiki Malesiya. Ta tambaye ni ina mai ɗakina, da na taho ni kaɗai kamar mai gudun gida. Na ce tana gida. Na ce musu dutse na zo kwancewa, ban ƙara komai ba, don ban ga abin da ya shafe su ba.

Laraba, 11 ga Janairu, da yamma

Iska.

Alhamis, 12 ga Janairu, bayan azahar

Waya ba ta samun sabis sai a ƙarshen gadar katakon da jirage ke tsayawa. Na tsaya can hannu ɗaya a kan hula. Muryar Saoda ras, har tana faɗa da Rosdiana a kan an sa mata gishiri kaɗan a miya. Na ce bari in dawo, in iska ta kwanta sai in sake zuwa.

Ta ce, "Ka zauna. Na san sa'arka, kana juya baya da safe, da rana za ta kwanta."

Na ce to wai me kika roƙa?

Ta yi dariya har tari ya kama ta. "An ba ni, Aji. Mene ne naka a ciki?"

Shekaru talatin da ɗoriya muna ɗaki ɗaya. Na sayi albasa daga hannun manoman da suka fi kowa iya ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu, ban taɓa kasa ganowa ba, amma matata ta riƙe wannan a cikinta ban ko ji ƙanshinsa ba. Abin ya ba ni haushi, kuma na ji kunyar haushin.

Juma'a, 13 ga Janairu, bayan masallaci

Sun sa ni sahun gaba saboda farar hula. Bayan sallama wani dattijo ya tambayi abin da ya kawo baƙo cikin wannan iska. Kafin in buɗe baki Ompu Heso ya ce, da ƙarfi yadda na sahun baya za su ji, "Dutse ya zo kwancewa." Liman, wanda na girme wa ubansa, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

A hanya na ce masa ba nawa ba ne, ni ba na roƙon dutse. Ya ce, "Wa ya ce maka dutse muke roƙo? Allah muke roƙo, Aji. Dutsen don kada mutum ya samu ya manta ne. Ɗan Adam in bai bar wani abu a rataye ba, ba ya komawa ya ce na gode." Ina da amsoshi, na karatu ma, amma yunwa nake ji.

Asabar, 14 ga Janairu, da safe

Na yi barci kamar gawa. A'a, ba haka nake nufi ba. Na yi barci sosai.

Lahadi, 15 ga Janairu, bayan magariba

Wa'i Lamu ta yi kifi da miyar tsamiya da ɗanyen mangwaro, na ƙara shinkafa sau biyu. Rabona da in ji ɗanɗanon abinci tun kafin a kwantar da Saoda. A nan babu warin maganin goge ƙasa, babu ƙarar na'urar nan da ke gefen gado, babu mai zuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona da tausayi. Da yamma jemagu suna tasowa daga tsibirin su nufo dutsen Tambora, su kam iska ba ta hana su. Na zauna na kalle su har aka kira sallah.

Ba ni na kawo iskar ba. Ina ta faɗa wa kaina haka, kuma gaskiya ne.

Litinin, 16 ga Janairu, da yamma

Rosdiana ta ce, "Aji, ka dawo. Likita ya kira ni ofishinsa."

Na ce me ya ce?

"Ka dawo dai."

Sai na ji ana ƙoƙarin karɓar wayar. Muryar Saoda ta yi siriri, sai da na toshe ɗaya kunnen. Ta ce na kwance? Na ce tukuna. Ta ce, "To." Daga nan ba ta ƙara ba, ban sani ba ko to ka zauna ne, ko to ka taho. Na koma ɗaki na haɗa jakata.

Talata, 17 ga Janairu, da hantsi

Ompu Heso ya ce gajimaren da ke kan Tambora ya canza, mai yiwuwa gobe ko jibi. Duk da haka na hau acaɓa har bakin titi da jakata. Bas ta zo, kwandasta yana kiran Dompu, Dompu, ya miƙo hannu zai karɓi jakar. Na ce masa ba tafiya zan yi ba, wani nake jira.

Da wane baki zan shiga ɗakin nan in ce mata ban kwance ba? Abu ɗaya tak ta roƙe ni. Wannan shi ne dalilin, kuma dalili ne mai kyau.

Laraba, 18 ga Janairu, da yamma

Iska ba ta kwanta ba. Na ga Wa'i Lamu ta zuba albasarta a kwando ɗaya, mai lafiya da mai tabo, na kasa haƙuri na zauna na ware mata, na nuna mata yadda ake ɗaure su a rataye a inuwa. Mun wuni a kai. Ban je gada ba yau, na ce sai ina da labarin bayarwa.

Tana ɓare tafarnuwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Matarka ba ta gida, Aji."

Na ci gaba da ware albasa.

"Mai mata a gida ba ya zuwa ƙarshen gada ya juya mana baya yana goge hanci. Asibiti?"

Na ce eh.

Ta nuna mijinta da wuƙa. "Da ni ce a kwance, zan so wancan ya zauna kusa da ni. Amma ƙila in aike shi wani wuri, don ko kaza ake yankawa sai ya tuna yana da aiki a bakin ruwa."

Ompu Heso ya ce shi dai in ta kwanta zai samu ya sha tabarsa a cikin ɗaki. Ta jefe shi da ɓawon tafarnuwa. Na tashi na ce zan yi alwala, alhali ina da ita.

Alhamis, 19 ga Janairu, da safe

Rosdiana ce ta ɗauka. Umi tana barci. Na ce a tashe ta, ta ce ba irin wannan barcin ba ne, sai ta kashe.

Juma'a, 20 ga Janairu, bayan la'asar

Tana barci. Bas ta wuce tun da hantsi, na ji ƙahonta daga nan.

Asabar, 21 ga Janairu, bayan azahar

Da asuba Ompu Heso ya buga mini ƙofa. Teku ta kwanta lumui, kamar ba ita ba. Kafin rana ta yi zafi mun tsallaka, tafiyar da ba ta kai zuwa kasuwar Tente daga gidana ba.

Daga gaɓa aka hau 'yar tudu aka gangara, sai ga tafkin a tsakiyar tsibirin, duwatsu sun kewaye shi, ruwan kore shar ba ya ko motsi. Na ɗanɗana da yatsa, ya fi na teku gishiri. Babu kowa sai birai. Na tsaya ina tunanin Saoda a nan tana budurwa, da ƙaramin zaninta, tana miƙa hannu sama. Ban san ta a lokacin ba.

Bishiyoyin suna bakin ruwa, rassansu sun sunkuya saboda nauyi. Duwatsu ba iyaka, manya da ƙanana, da igiyar roba shuɗiya, da tsumma, da igiyar takalmi. Ompu Heso ya ce in kula kada in karya reshe, ƙaron bishiyar in ya shiga ido sai dai wani ya ja ni zuwa gida. Na bi rassan ƙasa ɗaya bayan ɗaya ina neman ja da rawaya. Na zaga, na sake zagawa.

Ya ce, "Wai yaushe aka ɗaura shi?"

Na faɗa masa.

Ya cire tabar daga bakinsa. "Da zaren masaƙa? Aji, zaren auduga ba ya wuce damina biyu a nan. Dubi ƙasa."

Na duba. Ashe tun da na iso a kan duwatsun nake tafiya. Sun taru a gindin bishiyoyin har sun rufe saiwa, rabinsu farare ne, kuma kusan duk da huda, don mai huda ake zaɓa saboda sauƙin ɗauri.

Na ce me ya sa bai faɗa mini ba tun ranar da na zo?

"Ka ce mini dutse, ba ka ce mini na zamanin kakata ba. Da ka buɗe baki ranar Talatar nan, da ka kwana a gidanka."

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon zaman ba. Daga baya na tambaye shi dutsen da ya faɗo da kansa fa, yaya hukuncinsa? Ya ce wasu suna cewa an yafe, wasu suna cewa yana nan a wuyan mai shi, shi dai matuƙin kwalekwale ne. Na miƙa hannu ga wani fari da ke rataye kusa da ni, ya ce in bari, wannan na wani ne da ke jira har yanzu, ƙila ma yana kwance a asibiti.

Sai dabara ta zo mini, irin ta 'yan kasuwa. Na zaɓi fari mai huda daga ƙasa, wa ya sani ko shi ne. Na zare zare daga gefen zanen da ke ƙuguna, wanda Saoda ta saƙa. Na ce zan ɗaura shi in kwance nan take, in na ce mata na kwance ban yi ƙarya ba. Ompu Heso ya ɗaga kafaɗa.

Na kama reshen ƙasa, na zura zaren, na ƙulla. Ina jan ƙullin sai na ji bakina yana cewa, Ya Allah, in same ta da rai. Ban yi niyya ba, fita ya yi kawai.

Na kai hannu zan kwance, tsohon ya riƙe mini wuyan hannu.

"Na ga bakinka ya motsa."

Na ce addu'a ce, ba ruwanta da dutse.

"Ka yi ta kana ƙulli. Wannan ba nata ba ne kuma, naka ne. Ba a kwancewa sai an biya."

Da yatsa biyu zan iya ture shi, kuma ni ne mai cewa aikin jahilci ne. Amma hannuna ya ƙi. Na bar shi yana lilo, muka juyo.

A kan gada na kira. Rosdiana ta ce ta kara wa Umi wayar a kunne, in yi magana. Na ce, "Saoda, na je. Zarenki ya saki tun da daɗewa, dutsen yana ƙasa. Babu komai naki a rataye." Ina jin numfashi da ƙarar na'urar. Rosdiana ta ce tana ganin ta ji, yatsanta ya ɗan motsa. Bas ta yau ta riga ta wuce.

Lahadi, 22 ga Janairu, bayan magariba

Na same ta da rai.

Idonta a buɗe yake kaɗan. Na ce ga ni, na dawo, na faɗi sunana, ba Aji ba, wanda take kirana da shi in mu biyu ne. Tana kallon wajen fanka.

Litinin, 23 ga Janairu, da safe

Rosdiana ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini. Tana ninke zannuwa ta ce ranar Laraba Umi ta tashi garau, ta zauna da kanta, ta ce a sayo mata mangwaro. Ta wuni tana hira, ta ba ma'aikatan jinya labarin ranar bikinmu, yadda dokin keken amarya ya ƙi tafiya sai da na sauka na tura da sababbin kaya. Ta yi ta duban wayar. Ta ce ko ina samun abinci a can, don ni ba na iya cewa a ƙara mini.

Ranar Laraba ina ware albasar Wa'i Lamu.

Talata, 24 ga Janairu, bayan azahar

Na karanta mata abin da na rubuta a kan tafkin, da jemagu, da haƙoran Ompu Heso. Na tsallake wasu wurare.

Laraba, 25 ga Janairu, da yamma

Tana numfashi.

Alhamis, 26 ga Janairu, bayan la'asar

Gida ya cika. Maƙwabta sun kawo kujeru sun kafa rumfa har kan titi. Takalmana duk jar ƙasar maƙabarta, wani ya wanke mini su ban san ko wane ne ba.

Juma'a, 3 ga Fabrairu, da hantsi

An yi addu'ar bakwai jiya, baƙi sun watse. Rosdiana ta same ni ina sa kaya a jaka. Na gaya mata abin da na bari a Satonda, duka, ban rage ba.

Ta ce, "Aji, har da kai?"

Na ce an biya mini. Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni shi cif, ba ragi. Ni da na ƙare rayuwata ina ciniki, ranar da aka ce in faɗi abin da nake so sai na faɗi mafi ƙanƙanta. Da na ce ta gane ni. Da na ce ta yi mini magana ko kalma ɗaya ce, ko faɗa ne. Rosdiana ta fita, ta dawo da shinkafa a ƙunshe cikin ganyen ayaba ta sa mini a jakar.

Lahadi, 5 ga Fabrairu, bayan azahar

Wa'i Lamu ta gan ni daga nesa, ta ajiye tsintsiya, ba ta tambaye ni komai ba. Ompu Heso ya kashe tabarsa ya je ya ja kwalekwale. Wannan karon teku ba ta ce uffan ba.

Dutsen yana inda na bar shi. Na yi masa ƙullin bakin buhu, ruwan sama kuma ya ƙara tamke shi. Na ce Ompu Heso ya ara mini wuƙa, ya ce ba a yankawa, kwancewa ake yi. Na tsaya ina tsinka da farce, zaren siriri, idona ba ya gani sosai, har rana ta dawo tsakar ka. Tsohon bai ce in yi sauri ba. Da ƙullin ya saki, na ce alhamdu lillahi, don abin da aka zo faɗa ke nan, na ajiye dutsen cikin 'yan'uwansa a ƙasa.

Ompu Heso ya laluba aljihu ya fito da guntun igiyar roba. Ya ce, "Ko za ka ƙara wani, Aji? Wannan ba ta ruɓewa."

Na ce abin da ya rage mini in roƙa mata, ba a duniyar nan zan san ko an biya ba, wa zai dawo ya kwance?

Ya mayar da igiyar aljihu. Ya ce to mu tafi, kafin iska ta tashi.